Wurin ninƙaya na Landsberger Allee a Barlin: ruwan da Franziska da Britta suka kafa tarihi, ya cancanci kuɗin tikiti?

Amsar a taƙaice ita ce eh ya cancanta, amma fa ba ga kowa ba. In kai mutum ne mai son ka shiga ruwa ka yi ta kai-komo kana ƙirga mita, ko kana da yaro ko yarinya da ninƙaya ta fara shiga ransu, to a Barlin kaf ban ga inda ya kai nan ba. In kuwa abin da kake nema shi ne wurin shaƙatawa na ƙarshen mako, a yi zamiya a fantsama ruwa a ɗauki hoto a sa a status, wallahi ka ajiye kuɗinka ka nemi wani wurin, don nan mutane aiki suke zuwa yi.

Cikakken sunansa Schwimm- und Sprunghalle im Europasportpark, amma ba wanda yake wahalar da bakinsa, SSE kawai ake cewa. Yana unguwar Prenzlauer Berg, kana sauka daga jirgin S-Bahn a tashar Landsberger Allee ka iso, jirgin da ke zagaye garin nan wato S41 da S42 duk suna tsayawa a wurin, ga tiram ma yana bi ta gefen. Hukumar wuraren wanka ta gari, Berliner Bäder-Betriebe, ita ke tafiyar da shi, saboda haka tikitinsa na gwamnati ne ba na otal ba. Abin da zai fara ruɗa baƙo shi ne zai fito daga tasha ya duba ya rasa ginin. Ginin a cikin ƙasa yake. An haƙa an binne shi ne shi da maƙwabcinsa Velodrom, wurin tseren keke, sai rufin kawai ka gani yana ƙyalli, na keke zagayayye na ruwa mai kusurwa huɗu, a kewaye an shuka bishiyoyin tuffa. Wani Bafaranshe mai zanen gine-gine, Dominique Perrault, shi ya zana. Asalin maganar kuwa Barlin ce ta nemi a ba ta gasar Olamfik ta 2000, aka fara shirin gine-gine, a 1993 aka ba Sidni ta Ostireliya, su kuma Jamusawa suka ce tunda an fara sai an gama, aka buɗe shi a 1999. Wato gini ne na Olamfik da bai ga Olamfik ba, shi ya sa komai nasa ya yi wa talaka mai tikitin yamma girma.

Ciki kashi biyu ne kuma ya kamata mutum ya gane wannan tun kafin ya biya. Akwai ɓangaren gasa, kwami mai tsawon mita 50 da layi 10, da kujerun 'yan kallo a jere har sama, da kwamin masu tsalle mai hasumiyar mita 10. Sai ɓangaren jama'a, shi ma da nasa kwamin mita 50, da na waɗanda ba su iya ba, da na ƙananan yara. Tikitinka na yau da kullum ɓangaren jama'a yake kai ka. Wancan na gasar na kulob-kulob ne da 'yan wasa da ranakun gasa, don haka wanda ya taho da burin lallai sai ya shiga ainihin ruwan da aka karya tarihin duniya a ciki, ya rage buri, sai dai ya shigo a ɗan kallo ranar gasa ko kuma ɗansa ya zama ɗan kulob.

Ni ta hanyar 'yata na san wurin. A Barlin yara 'yan aji uku na firamare darasin ninƙaya dole ne, kamar lissafi, daga nan ta samo bajon nan na farko da suke kira Seepferdchen, wanda sai yaro ya yi tsalle ya faɗa ruwa ya yi iyo mita 25 sannan ya nutsa ya ɗauko wani abu a ruwan da ya kai masa kafaɗa. Daga nan fa aka ƙi barinmu mu huta a gida, sai kulob, sai gasar yara, ni kuma da ban taɓa damuwa da wani wasa ba in ba ƙwallo ba na wayi gari ina zaune a kujerar roba ina kallon allo ina lissafin sakan. A irin zaman nan ne iyayen Jamusawa suka cika min kunne da sunaye biyu, Franzi da Britta, kamar wasu 'yan gidansu. Da na bi labarinsu sai wurin ya canza min gaba ɗaya, kuma a ganina wanda bai san labarin matan nan biyu ba rabin abin da ya biya kawai ya mora.

Franziska van Almsick 'yar Gabashin Barlin ce, an haife ta a 1978, wato ta taso ne a tsarin wasannin tsohuwar Jamus ta Gabas, katangar Barlin ta faɗi tana yarinya. A Olamfik na Basalona 1992 tana da shekara 14 kacal ta kwaso lambobi huɗu, azurfa biyu tagulla biyu, a daidai lokacin da ƙasar ta haɗe take neman wanda Gabas da Yamma za su so tare. Sai aka ɗora mata. Talla, jaridu, talabijin, ko ina ita. A 1993 a gasar Turai ta Sheffield ta ci zinare shida. A 1994 a gasar duniya ta Rum abin da ya faru har yau ana muhawara a kansa, a zagayen share fage na mita 200 firistayil, wato salon da kowa ke da 'yancin yin irin iyon da ya ga dama, ta yi sakaci ta zo ta tara, mutum takwas ake ɗauka, sai 'yar ƙasarsu Dagmar Hase da ta samu gurbi ta janye ta bar mata, ita kuma ta shiga ta ci zinare da tarihin duniya, minti 1:56.78. Kowa ya ɗauka zinaren Olamfik a aljihunta yake. Atlanta 1996 Claudia Poll ta Kosta Rika ta sha gabanta ta tashi da azurfa. Sidni 2000 abin ya lalace, ko zagayen ƙarshe na mita 200 ɗin ba ta kai ba, jaridun gulma na garinsu suka yi mata ba'a da jikinta, ba'ar da ba zan maimaita ba don rashin mutunci ce tsantsa, yarinyar da suka gama ɗagawa sama su ne suka fara jifa.

To a nan SSE ya shigo. A 2002 aka kawo gasar Turai Barlin, cikin wannan ginin, garinsu, gaban mutanenta. Lokacin ta koma hannun koci Norbert Warnatzsch a kulob ɗin SG Neukölln. Ranar 3 ga Agusta ta yi mita 200 a 1:56.64, ta karya nata tarihin da ya shekara takwas ba wanda ya taɓa, ta gama gasar da zinare biyar. Akwai wani dattijo da jikarsa ke kulob ɗaya da 'yata, ya ce yana cikin zauren ranar, in yana ba da labari har hannu yake ɗagawa ya nuna inda ya zauna, ya ce ihun da aka yi sai da ya ji shi a ƙirji. Na yarda da shi, don ko gasar yara ake yi da iyaye ɗari biyu rufin nan yana dawo da ƙara sosai, balle a cika shi maƙil. Tarihin ya tsaya har 2007. Amma zinaren Olamfik bai zo ba, Atens 2004 ta zo ta biyar a mita 200, ta samu tagulla biyu a gasar mutum huɗu-huɗu, ta yi ritaya da lambobin Olamfik 10, azurfa huɗu tagulla shida. Yanzu ƙoƙarinta a kan yara su koyi iyo ne, har gidauniya gare ta.

Ni dai Britta Steffen ce tawa. Ba ta da surutun Franzi, ba ta da tallanta, amma abin da ta yi ya fi ban mamaki. An haife ta a Nuwamba 1983 a Schwedt, wani gari a bakin kogin Oder kan iyakar Folan. Tun tana yarinya an san tana da baiwa, a gasar matasa ta Turai 1999 zinare shida ta kwasa, a Sidni tana cikin tawagar mita 200 sau huɗu da ta samu tagulla, ita a zagayen share fage ta yi. Daga nan sai shiru. Matsalarta ba jiki ba ce, a atisaye tana gudu kamar me, in an zo ranar gasa sai ta daskare. Bayan Atens 2004 ta ajiye abin na wani lokaci ta koma karatu, sannan ta fara aiki da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Friederike Janofske, kuma ita da bakinta ta sha faɗin cewa wannan ne ya juya mata rayuwa. Wannan ɓangaren nake so iyayenmu su ji, don mu in yaro ya firgita ranar jarrabawa ko gasa sai mu ce ragwanci ne ko a yi masa tsawa, su kuwa suka ɗauki abin kamar ciwon kafaɗa, aka nemi mai gyara aka gyara. Koci kuma shi ne dai Warnatzsch ɗin Franzi, kulob ɗaya.

A 2006 a gasar Turai ta Budafes ta dawo kamar wata sabuwa, zinare huɗu azurfa ɗaya, mita 100 firistayil a sakan 53.30, tarihin duniya. Sai Beijin 2008. Wanda bai kalli zagayen ƙarshe na mita 100 ɗin nan ba ya nema ya kalla. Libby Trickett ta Ostireliya mai riƙe da tarihin duniya a lokacin da ƙyar ma ta shigo, sai da aka kori wata 'yar Sin, Pang Jiaying, saboda ta riga ƙararrawa tashi sannan ta samu gurbi a layi na takwas, Britta kuma tana gefenta a na bakwai. Trickett ta fita da wuta, a juyawar mita 50 Britta ce ta ƙarshe cikin mutum takwas, ta ƙarshe fa, amma a dawowa ta dinga cinye su ɗaya bayan ɗaya har ta taɓa bango a 53.12, Trickett 53.16. Bayan kwana biyu a mita 50 ta doke Dara Torres ta Amurka, matar da ke da shekara 41 a lokacin, 24.06 da 24.07. Kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. In ka lissafa gudun da suke yi, wajen mita biyu a sakan, tazarar ba ta wuce santimita biyu ba. Rabon Jamus da zinaren Olamfik a ninƙaya tun na Dagmar Hase a 1992, kuma bayan na Britta ba su sake ganin wani a cikin kwami ba sai da Lukas Märtens ya ci mita 400 a Faris 2024.

Wannan santimita biyun ban gane shi da kyau ba sai ranar da aka bar mu iyaye masu taimako muka sauka bakin kwamin gasa. A ƙarshen kowane layi akwai wani faranti da ake ratayawa a bango, rabi a ruwa, shi ne yake tsayar da agogo, kuma ba shafa shi ake yi ba, dannawa ake yi, motsin ruwa kawai ba ya tayar da shi. Za ka ga yarinya ta riga kowa isowa da ido, amma ta iso da hannu a lanƙwashe ko ta ɗaga kai ta kalli allo kafin ta taɓa, ta gefenta ta miƙe yatsu ta danna, allo ya ba wa ta gefen. Kuka a wurin nan ba a magana. Koci-koci kuma abin da suke ta nanatawa ke nan, kai a ƙasa, kada a ja numfashi a mitocin ƙarshe, a daki bango. Igiyoyin da ke raba layi ma ba ado ba ne, wasu fayafayan roba ne a jere da suke juyawa su kashe igiyar ruwa don ta wani kada ta dami wani, ruwan kuma yana malala ta gefe ya shige magudana maimakon ya bugi bango ya dawo. Da zurfin kwamin da waɗannan ne suke sa 'yan wasa su ce ruwan wuri kaza yana da sauri, kuma na SSE yana cikin waɗanda ake yabo.

Britta ma ta bar nata a nan. A Yuni 2009 a gasar ƙasa ta Jamus cikin wannan kwamin ta karya tarihin duniya na mita 100 sau biyu cikin kwana uku, 52.85 a share fage, 52.56 a ƙarshe. Bayan wata guda a gasar duniya ta Rum ta mayar da shi 52.07, ta ƙara da mita 50 a 23.73, zinare biyu tarihi biyu. Sai dai dole a faɗi gaskiya, shekarar rigunan roba ce. Kamfanoni sun fito da rigunan ninƙaya na foliyuritan masu matse jiki su ɗaga mutum saman ruwa, ita Hydrofoil ta Adidas ta sa, kuma a Rum kaɗai tarihin duniya 43 aka karya, abin ya zama wasan yara har hukumar ninƙaya ta duniya, FINA a lokacin, ta haramta su daga farkon 2010. Wasu sukan ce ai riga ce ta yi. Ni ban yarda ba, don kusan duk wanda ya hau dandamali a Rum da irin tasa rigar, kuma 53.30 ɗinta na Budafes tun kafin zamanin rigunan ne. Tarihin nata ya yi ƙarko, na mita 100 sai 2016 Cate Campbell ta rage shi da kashi ɗaya cikin ɗari, na mita 50 kuma sai 2017 Sarah Sjöström ta Suwidin ta karya.

Ƙarshen bai yi daɗi sosai ba. Rashin lafiya ya ci mata 2010, a Shanghai 2011 abin bai yi kyau ba ta bar gasar tun ba a gama ba aka yi ta surutu, a Landan 2012 ta zo ta huɗu a mita 50, a shekarar da Jamus ta tashi ba lamba ko ɗaya a cikin kwami. A 2013 ta ajiye. Kulob ɗin nasu dai bai mutu ba, Angelina Köhler da ta zama zakarar duniya a mita 100 salon malam-buɗe-littafi a Doha 2024 'yar SG Neukölln ce.

Mu dawo kan abin da kuɗinka zai saya maka. Kwamin jama'a mita 50 ne na gaske, kuma wanda ya saba da na mita 25 ranar farko zai sha mamaki, kana iyo kana jiran bango bango ya ƙi zuwa. An raba layuka, akwai na masu sauri akwai na masu bi a hankali, kuma doka ita ce ka riƙe dama, ka tafi ta dama ka dawo ta dama, kamar tuƙi. In za ka huta ka matsa lungu ka bar tsakiyar bango don masu juyawa. In ka shiga layin sauri kana jan jiki to ka zama mai amalanke a tsakiyar titin Zariya da yamma, ba wanda zai zage ka da baki amma za a taɓa maka ƙafa, ma'ana malam ba da hanya, in ka ƙi kuma za ka sha kallo ta cikin tabarau. Wata tsohuwa da na tabbata ta haura saba'in ta taɓa wuce ni sau uku a jere ba ta ko haki, da muka tsaya a bango ta nuna min layin gefe da yatsa ba ta ce uffan ba. Na koma abina.

Ruwan da sanyi-sanyi, kuma da gangan ne, ƙa'idar ruwan gasa tsakanin digiri 25 zuwa 28 ce, wanda ke aiki a ruwa ba ya son ɗumi. In ka tsaya hira minti biyar za ka fara karkarwa, musamman mu da jikinmu ya san zafin Afrilu. Na yara da na masu koyo ya fi ɗumi. Tsabta kam ba laifi, warin kulorin bai kai na wani ƙaramin wuri da muke zuwa a da ba, wanda in ka fito idonka ja kamar ka kwana kana kuka, ga gashi a magudanar shawa. A nan ƙasa a goge take, ma'aikatan ceto suna zagaye idonsu a kan ruwa ba a kan waya ba. Ka zo da silifas na roba, da tawul, da tabarau na ruwa, ka kuma riƙe kwandalar yuro ɗaya don loka a wuraren wankan Jamus da yawa sai da ita. Masu gashi irin namu, musamman 'yan mata masu kitso, hular silikon ta kanti ba ta ɗauka, ku nemi babba ta masu dogon gashi tun daga gida, a jiƙa gashin da ruwan famfo kafin a shiga, in an fito a wanke a shafa mai, in ba haka ba kulorin zai karya shi. Fata ma haka, ba man shafawa ka fito fari fat.

Yanzu maganar da na san ita ce a ran yawancinmu, sutura da kunya. Maza da mata ruwa ɗaya suke shiga. Wurin canza kaya akwai ƙananan ɗakuna masu ƙofa da sakata, ka yi amfani da su. Shawa an raba ta maza daban ta mata daban, amma Bajamushe ba ya jin komai ya tuɓe tsirara a shawa, musamman dattawan Gabas, don haka ka shirya idonka ka kuma shirya yaronka tun a gida, kai kuma ba wanda zai hana ka wanka da wandonka. Burkini, wato kayan iyo na mata da ke rufe jiki duka har da kai, an yarda da shi a wuraren wankan gwamnatin Barlin matuƙar na yadin ninƙaya ne ba atamfa ko tishat ba, kuma na ga mata suna shiga da shi ba wanda ya ɗaga kai. Tun 2013 ma babbar kotun harkokin mulki ta tarayya da ke Leipzig ta yanke cewa yarinya Musulma za ta halarci darasin ninƙaya na makaranta, ta sa burkini in tana so, don haka masu tunanin za su rubuta wa makaranta takarda a cire 'yarsu su san da wannan. A ɗaya gefen kuma tun 2023 hukumar ta ce mace ma in ta ga dama ta shiga ba rigar sama. A SSE ban cika ganin haka ba don masu zuwa nan atisaye ne ya kawo su, amma dokar tana nan, gara ka ji daga bakina. Hajiyoyin da ba za su iya cakuɗa ba, akwai wasu wuraren a gari da suke ware sa'o'in mata zalla, a duba jadawalin hukumar, maman yarana can take zuwa kuma ban ga laifinta ba.

Abin da zan ja kunne a kai shi ne lokaci. Wurin nan gidan gasa ne kafin ya zama na kowa, gasar ƙasa ta Jamus ta sha zama a nan, gasar cin kofin duniya ta ninƙaya ma tana yada zango, a 2014 da gasar Turai ta dawo Barlin nan aka yi tsalle-tsalle, ninƙayar kuma aka kafa kwami na wucin gadi a cikin Velodrom. Ga makarantu ga kulob-kulob kowa da sa'arsa. Saboda haka jadawalin jama'a yana motsi, kada ka ɗauki yara da jaka ka hau jirgi ba ka duba shafin hukumar a ranar ba. Da sassafe masu zuwa ofis ne, ba su da yawa amma da gaske suke, tsakar rana a ranakun aiki ya fi sarari, daga biyar na yamma kuwa layi ɗaya sai ka ga mutum takwas suna bin ƙafar juna. Kuɗin shiga yana canzawa ban son in faɗi adadi ya zama tsohon labari, amma akwai rangwame ga ɗalibai da yara da masu ƙaramin ƙarfi, akwai katin shiga da yawa da ya fi sauƙi in za ka riƙa zuwa, yaran makaranta kuma a nema musu katin rangwame na hutu da ake kira Super-Ferien-Pass, yana rage nauyi sosai.

Abinci kada ka sa rai da wani abin kirki, irin na wuraren wasa ne, mu da burodi da ayaba da ruwa muke zuwa, kuma yaro in ya fito daga ruwa yunwarsa ba ta jiran a isa gida. Ranar gasar yara kuma ka zo da haƙuri da kaya marasa nauyi, zauren 'yan kallo da ɗumi da laima ko da a waje ƙanƙara ake yi, za ka zauna awa biyar don ka ga iyon sakan arba'in, in ka tashi sayen kofi a lokacin da bai dace ba shi ke nan ka rasa.

In zan ba da maki, ga mai atisaye da iyayen 'yan kulob tara cikin goma, ga mai koyo babba bakwai don yana iya jin kunya a tsakiyar ƙwararru gara ya fara da kwas, ga iyali masu neman wasa biyar. Wanda kuma ya zo Barlin yawon buɗe ido ko taro kuma yana son wasanni, ya duba ko akwai gasa a makon, tikitin kallo bai kai na ƙwallon Bundesliga ba. Ka nemi kujera ta wajen bangon da ake gamawa, ɗan sama kaɗan ba layin farko ba, daga nan ne kake ganin layi goman duka da allo a lokaci ɗaya.